Shekarar da Muka Rage wa Motar Malam Gudu

Na san abin da kuke faɗa tsakaninku idan kun haɗu, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mani ido da ido sai Rabi, ita ma sau ɗaya, cikin kuka. Kuna cewa da na yarda an tafi da mahaifinku Abuja da wataƙila yana nan har yau, amma na biye mashi muka zauna a Kusada muna wasa da motar yara. Ban ɗauki alƙalami don in yi faɗa da kowa ba, na tsufa da wannan. Abin da nake so shi ne ku san yadda shekarar nan ta kasance daga cikin gida, don ku kuna zuwa ne ku kwana biyu ku koma, ni ce nake nan safe da yamma.

Kun san Malam direban gingimari ne tun kafin a haifi babbanku, wanda ba na kiran sunanshi sai dai in ce Yayanku. Hatsi da dabbobi yake ɗauka daga Kankiya ya yi kudu da su, ya dawo da manja da goro da katako. Abin da ba ku sani ba shi ne yawancin aurenmu jira ne. Ya kan shigo a gajiye, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya yi barci kamar an yi mashi duka, kafin in gama tara labaran da na ajiye mashi yaron mota ya yi sallama a zaure. Ba mugun miji ba ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mani murya ba. Amma in aka ce in faɗi abin da ke cikin zuciyarshi a wancan lokaci, wallahi da ban iya ba. Ko da ya ajiye tuƙi saboda ido, bai zauna gida ba. Tasha ya koma yana yini tare da direbobi.

A tashar ce ya faɗi, cikin zafin bazara. Habibu, da yake cikinku shi ke zaune Kankiya, shi ya kai shi asibiti. Da aka sallamo mu ɓarin damanshi ya shanye, hannu da ƙafa, bakin ya karkace, magana tana fita a dunƙule. Ni kaɗai nake gane abin da yake cewa, ni ma sai na kasa kunne sosai. Na shimfiɗa mashi tabarma da filo a gindin dalbejiyar tsakar gida, nan yake yini yana kallon katanga. In na kawo fura ya kurɓa ya ture. In abokanshi na tasha suka zo gaisuwa ya rufe ido kamar mai barci har su tafi. Wata rana ina gyara mashi filo ya ce mani:

"Hajo, me ya rage kuma?"

Na gama gyara filon. Na shiga madafa na zauna gaban murhu, ba wuta a ciki.

Da ƙaramar Salla Yayanku ya zo da iyalinshi. Cikin kayan yaran akwai motar. Ba irin ta kasuwa ba ce da ake saya wa yara ta kwana biyu ta mutu. Tsawonta ya kai kamu ɗaya, tayoyinta manya masu laushi, ƙafafunta suna lanƙwasa kowace da kanta, ana tuƙa ta daga nesa da rimot mai kunama kamar ta bindiga da ɗan sitiyari a gefe. Yayanku ya ce wani abokin aikinshi ya ba shi, wai an yi ta ne don hawan duwatsu. Yaran suka yi ta buga ta da katanga har ta fara wata ƙara, suka gaji da ita, ranar tafiya aka manta ta bayan randa. Sai da gidan ya yi shiru na ji Malam yana kirana. Da hannun hagu ya nuna ta.

"Kawo ta nan. Kife mani ita."

Na kife ta kan cinyarshi. Ya daɗe yana kallon cikinta. Ya sa yatsa ya bi wani siririn sanda da ya taso daga tsakiya zuwa ƙafar baya, ya juya taya ɗaya ya ga ɗayar ta juya ta koma baya. Sai na ji wani sauti daga maƙoshinshi, na zabura na ɗauka sarƙewa ya yi. Ashe dariya ce.

"Farfela ce wannan. Ga giyabos. Hajo, mota ce ta gaske, ƙanƙanta kawai aka yi ta."

Habibu ya yi mana cajin batirin a shagon masu waya. Malam ya dafe rimot ɗin kan gwiwa, manuniya a kan kunama, babban yatsa a kan sitiyari. Yana taɓawa motar ta fizga kamar akuyar da aka kwance, ta je ta daki turmi ta kife. Ya sake, ta shige cikin kwanukan wanke-wanke. Yatsa ɗaya ba ya iya bin gudunta. Na ga fuskarshi ta koma yadda take, na ce a raina shi ke nan, wannan ma ta ƙare. Amma da la'asar ya sake kirana, ya ce wanda ya haɗa ta ya ba ta giyar gudu, alhali motar hawa ba gudu take so ba, ƙarfi take so. Ya ce a rage mata gudu. Na ce to wa zai rage? Ya kalli hannuwana.

"Wadda ta shekara da shekaru tana kwance keken ɗinki tana mayarwa."

Haka na zama makanike da furfurata. Na shimfiɗa farin zane don kada ƙananan notina su ɓace cikin ƙasa, na sa tabarau, na ɗauko 'yar sukudirebar keken ɗinkina. Shi yana faɗa ina kwancewa. Da muka buɗe murfin ya nuna mani giya biyu da haƙoransu ke cizon juna, ƙarama a bakin injin, babba a gefenta. Ya ce in aka sa wadda ta fi wannan ƙaramar ƙanƙanta, injin zai yi ta juyi da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Ban gane ba sai da ya ce in tuna dakan gero: mai saurin ɗaga taɓarya ba ta cika nauyin bugu ba. Habibu ya zagaya wurin masu gyaran rediyo da masu janareta a Kankiya, ba a samu mai irin haƙoran ba. Daga baya ya nemo ta waya, aka ce za a aiko daga Legas zuwa Kano, daga can a ba direba.

Jiran nan ma wani abu ne. Mutumin da ba ya tambayar ko yau wace rana ce ya koma kullum yana tambaya ko Habibu ya kira. Ya ce in tara mashi duwatsu da guntayen tubali a kusurwar gida, ya sa na jingina tsohon dutsen niƙan uwarshi a kai ya zama tudu. Ya fara cin abinci. Ranar kasuwa da Habibu ke zuwa da Keke Napep ya kai mu gashin ƙashi asibitin Kankiya, da can sai an yi ta lallashi, yanzu shi ke cewa a yi sauri, don a biya tasha a tambaya ko saƙo ya iso.

Yayarshi, Gwaggonku Abu, ta zo daga Sukuntuni ta same mu ni da shi kanmu a haɗe kan farin zane. Ta tsaya riƙe da mayafi.

"Innalillahi! Tsofai-tsofai da ku? Mutum yana wannan hali maimakon ya riƙe carbi?"

Malam ya zaro carbin daga aljihun gaba ya ɗaga mata, ya mayar, ya ce mani in ci gaba. Ta yini tana mita, amma da za ta tafi ta ja ni zaure ta ce, "Ya yi ƙiba fa. Me kike ba shi?"

Da giyar ta iso, ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Na ɗaura ta, ya ce kada haƙoran su matse da yawa kada kuma su yi sako-sako. Ya sa na yago siririyar takarda na sa tsakaninsu, na matsa, na ɗaure, sannan na zare takardar. Na shafa giris da tsinken tsintsiya. Da ya taɓa kunama, motar ta taka a hankali kamar hawainiya, taya tana ɗagawa tana sauka, babban yatsanshi yana bi da ita duk inda ya so. Ta kama tudun ta fara hawa. Tana kai rabi ƙafa ɗaya ta baya ta tashi sama, ta yi ta juyi a iska, ɗayar da ke ƙasa ta tsaya cik. Ni na ɗauka mun ɓata wani abu. Shi kuwa murna ya yi, ya ce ya san wannan cuta, ta taɓa kwanar da shi cikin laka. A cikin ƙullin da ke tsakanin tayoyin baya akwai wasu 'yan giyoyi da ke barin kowace taya ta juya da nata saurin saboda kwana, to su ne ke tura ƙarfin duka wurin tayar da ba ta taka komai. Ya ce a ƙulle su. Muka buɗe, na wanke giris ɗin da kananzir, na kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu na cika ciki, muka bar shi ya bushe. Haka muka yi wa na gaba.

A wannan zaman ne, ina aiki yana kallo, bakinshi ya buɗe. Ba maganar ce ta gyaru ba, har ya rasu a dunƙule take. Labari ne ya fara fita. Ya ba ni labarin Hawan Kibo, yadda ake sa mota a giya ta ɗaya da lodi a bayanta, yaron mota yana tafe a ƙasa riƙe da waji, itacen tokare taya, direba yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ya ba ni labarin wani yaron motarshi da zazzaɓi ya kashe a hanya, ya binne shi garin da bai san kowa ba, ya dawo gida bai faɗa mani ba, ni kuwa a lokacin ina fushi don ya ƙi cin tuwona. Ya faɗa mani ranar da aka haifi Rabi yana bakin wata gada da ta karye, ya ji a jikinshi, ya sayi ɗan kunne tun bai san mace ce ba. Ni ma na kwance nawa. Na faɗa mashi daminar da ɗakin baya ya rufta ina ni kaɗai da ku, da ɓarin da na yi bai sani ba. Da na gama, ya ce:

"Ashe ke ma kina kan hanya, ban sani ba."

Ana cikin haka babbar Salla ta zo, Yayanku ya dawo, wannan karon da shiri. Ya samo likita a Abuja, ya gyara ɗaki a gidanshi, ya ce da mu zai koma. Ɗa ne mai tausayi, kuma ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Can akwai na'urori, akwai likitocin da ba mu da su. Amma kafin ya zo, da Malam ya ji labarin a waya, ya riƙe mani gefen zane wata safiya ina ba shi koko.

"Kada ki bari su ɗauke ni. Na kwana ɗakunan mutane ya ishe ni. Yanzu na zo gida."

Na ce ya faɗa masu da kanshi. Ya ce ba zai iya kallon idon yaron ya ƙi shi ba, kuma in ya buɗe baki gabansu yawu ke zuba, sai su ƙara jin tausayinshi su ƙara dagewa.

Ranar da aka zauna, ku ukun kuna nan. Yayanku ya gama bayani, ya durƙusa gaban mahaifinshi yana jira. Malam ya nuna ni da haɓa. Kuka juyo gaba ɗaya kuna kallona. Na san in na ce a tafi, zai bi, ba zai ce uffan ba, kuma zai koma kallon katanga, ta Abuja wannan karon, a bene, inda ba dalbejiya ba tudun duwatsu. Na san kuma in na ce a'a, duk abin da ya biyo baya a kaina zai sauka. Na ce:

"Ba za mu je ba. Gashin da ake yi a Kankiya za mu ci gaba da shi, maganin da likitanka ya rubuta ka aiko."

Yayanku bai taɓa mayar mani da magana ba sai ranar. Ya nuna motar da ke gefen tabarma.

"Inna, saboda wannan? Saboda abin wasan yara?"

Na ce, "Na dai faɗa maka."

Ya tafi da sassafe, sallamar ma daga bakin ƙofa ya yi. Magani bai taɓa yankewa ba, amma ya daina kirana, sai dai ya kira Habibu ya tambayi jiki. Ban faɗa maku roƙon da mahaifinku ya yi mani ba, don ya ce kada in faɗa, kuma gara ku ji haushina da ku tafi da tunanin ya ƙi zama gidan ɗanshi. Yanzu da ƙasa ta rufe shi na ga ba wanda faɗar za ta cutar.

Da aka yi girbi Malam ya ce tudun gida ya yi wa motar kaɗan. Ya tuna kwazazzabon da ke bayan gonarmu ta hanyar Mawashi, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar duwatsu jajaye a tsaye. Napep ba ta shiga wurin, sai Habibu ya aro amalanken shanu, muka shimfiɗa katifa muka ɗora shi. Tun da ya faɗi bai ga gonarmu ba. Duk hanya yana kallon karan dawa da aka tattara, masu ɗaurin dami suna ɗaga mashi hannu yana ɗaga na hagu. Muka zaunar da shi bakin kwazazzabon, na sauka na ajiye motar a gindin hawan. Wurin ya fi tsayin mutum. Ta fara takawa, tayoyin huɗu suna ja tare, tana kama dutse tana ɗaga hanci. Inda ta karkata kamar za ta kife ya tsaya, ya ja ta baya kaɗan, ya sake mata hanya. Ni ina biye da ita a gefe, hannuna a buɗe ko za ta faɗo. Ya daka mani tsawa, tsawar da ta fito sarai ba dunƙulewa:

"Kada ki taɓa ta!"

Na janye hannu. Ta ɗora ƙafafun gaba kan leɓen kwazazzabon, ta ja jikinta, ta fito ta tsaya dab da ƙafarshi mai ciwon. Habibu ya yi kabbara. Malam kuwa gumi ya jiƙa mashi hula, yana numfashi kamar shi ya hau da ƙafarshi. Da na hauro ya miƙo mani hannu, gaban ɗanmu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanshi. Na ji kunya, amma na ba shi nawa.

Muka sake komawa bayan 'yan kwanaki, a nan farfelar baya ta murɗe. Ta roba ce, kuma tun da muka ƙulle ƙafafun nauyin duka a kanta yake sauka. Malam ya ce dama ya san za a yi haka, a nemo ta ƙarfe. Habibu ya sake aikawa. Muna jiranta, farkon sanyi, ciwon ya dawo mashi da hantsi yana zaune a gindin dalbejiya ina tsince wake kusa da shi. Kafin Habibu ya iso daga Kankiya ya cika, kanshi a kan cinyata. Allah Ya jiƙanshi, Ya sa ya huta.

Wurin zaman makoki ne Rabi ta faɗi maganarta, kuma ban riƙe ta ba, ɗiya ce da ta rasa uba. Ko da an tafi Abujar da ya ƙara kwana? Ban sani ba, likita ma bai sani ba, Allah kaɗai Ya sani. Na sha juya abin a raina. Abin da na sani shi ne watannin nan mahaifinku yana raye a cikinsu, ba jiran mutuwa yake ba, kuma a cikinsu na san mutumin da na aura. Yayanku ya dawo yana kirana, mun shirya, sai dai akwai wani ɗan shiru da ke shiga tsakaninmu in an ambaci Malam, wanda da babu shi. Wannan na ɗauka, ban kuma ce wani ya taya ni ba.

Ina cikin takaba Habibu ya shigo wata ranar kasuwa yana ta jujjuya wata 'yar leda a hannu, ya rasa yadda zai yi da ita. Wani direba ne ya tsayar da shi a tasha ya ce ga saƙon Malam. Ya ce in ina so ya mayar. Na ce ya ba ni. Da ya tafi na shimfiɗa farin zane, na kife motar, na cire murɗaɗɗiyar. Sabuwar tana da nauyi, sanyin ƙarfen yana ratsa yatsa. Gida biyu ce, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, kowane kai da 'yan kunnuwanshi, kuma ana iya zura ta ta fuska fiye da ɗaya. Na gwada haka, na gwada haka, ban san wacce ce daidai ba. Ban san lokacin da na juya wajen dalbejiya ba.

"Malam, kunnuwan nan a jere za su tsaya, ko a gicciye?"

Sai da na gama tambayar na ji muryata ita kaɗai a tsakar gida. Na zauna riƙe da ƙarfen har ya ɗumama a hannuna, ana kiran la'asar ban tashi ba.